Darasi na 14: Cire Turmin Ƙarshe na Yaro a Amurka Idan Babu Inshorar Haƙori

A ɗauki misalin wani direban tasi a unguwar Bronx ta birnin New York, ɗaya daga cikin masu jin Hausa da suka taso daga Gana, Nijar da Najeriya suka kafa iyali a can. 'Yarsa mai shekara 18 ta kwana uku tana tauna da gefe guda. Da ya matsa mata da tambaya sai ta ce, "Baba, can ƙuryar bakina ne yake min zugi, har cikin kunne." Washegari ya ajiye mota ya kai ta wurin likitan haƙori. Aka ɗauki hoton muƙamuƙinta, likita ya nuna masa haƙora huɗu a allo, biyu na sama sun leƙo, biyu na ƙasa sun fito rabi, sauran yana cikin ƙashi, ya ce a cire su duka a zama ɗaya. A teburin biyan kuɗi aka miƙa masa takarda mai jimlar dala 2,500, aka nemi katin inshorar haƙori. Ba shi da shi. Sai ma'aikaciyar ta turo masa wata takardar ta neman katin bashi, ta ce cikin 'yan mintoci za a amince masa, kuma babu kuɗin ruwa har wata 12.

Direban da alƙaluman takardarsa misali ne da aka tsara don lissafi, amma halin da ya shiga na yau da kullum ne. Cibiyar CareQuest ta ƙiyasta a 2023 cewa manya miliyan 68 da rabi a Amurka ba su da inshorar haƙori. Uba a gaban wannan tebur tsoro biyu ne ke jan sa: tsoron barin 'yarsa cikin ciwo, da tsoron bashin da zai bi shi shekara da shekaru. Wani tsoron ciwo ke rinjayarsa, ya sa hannu nan take bai karanta ba. Wani kuma tsoron bashi, ya koma gida da maganin kashe zafi yana cewa Allah ya kawo sauƙi, ciwo kuwa yana ci a ƙarƙashi. Dukansu biyu suna iya yin asara, kuma akwai abubuwan da ya kamata uban ya sani kafin biro ya taɓa takarda.

Haƙorin da ya zo a makare

Yaro yana fara da haƙora 20. Idan ya yi famfara sai na dindindin su maye gurbinsu, cikakken baki ya kai 32. Turame, wato manyan haƙoran tauna, uku-uku ne a kowace kusurwar baki. Na farko yana fitowa wajen shekara 6, na biyu wajen shekara 12, na uku kuma sai tsakanin 17 da 25. Shi ya sa Larabawa ke ce masa haƙorin hankali, Turawa ma da hikima suke danganta shi, don sai mutum ya mallaki hankalinsa yake zuwa. Akwai mutanen da ba a halicce su da ɗaya ko fiye daga cikin huɗun ba.

Da yake shi ne na ƙarshe, sau da yawa yakan tarar an cika wuri. Wani ya fito tsaye lafiya lau, ya yi ta aikin tauna har tsufa. Wani ya karkace ya tokari maƙwabcinsa. Wani ya kwanta a gicciye cikin ƙashi, ba zai taɓa ganin haske ba. Wanda ya fi damun matasa shi ne mai fitowa rabi, dasashi ya rufe sauran kamar murfi. Abinci yana shiga ƙarƙashin murfin, buroshi da aswaki ba sa kaiwa, ƙwayoyin cuta su taru, wurin ya kumbura ya yi wari ya yi zugi. Irin wannan ciwo ne ya kai 'yar direban wurin likita, kuma a haƙori ɗaya ne kawai, na ƙasa a dama.

To, in ɗaya ne ke ciwo, me ya kawo maganar huɗu?

A nan likitocin duniya suka rabu. A Amurka an daɗe da al'adar cire huɗun tun ana matashi, ko suna ciwo ko ba sa yi. Hujjar masu yi tana da ƙarfi a wasu wurare: saiwar haƙorin ba ta gama tsayi ba a wannan shekarun, ƙashi bai yi tauri sosai ba, rauni yana saurin warkewa, kuma aikin ya fi wuya idan mutum ya manyanta. Ƙungiyar likitocin tiyatar baki da muƙamuƙi ta Amurka tana kuma jan kunne cewa rashin zafi ba ya nufin rashin cuta, haƙori yana iya ruɓar da maƙwabcinsa a ɓoye.

A Ingila kuwa, hukumar NICE mai tsara wa asibitocin gwamnati ƙa'idar magani ta yanke a shekarar 2000 cewa a daina cire turmin da ya maƙale in dai lafiyarsa ƙalau. Ta ce a cire idan akwai dalili a gani a ƙasa: ruɓar da ba ta cikuwa, ƙurji mai mugunya, ƙullutu a cikin ƙashi, ko kumburin dasashi da ya dawo karo na biyu, ko wanda ya tsananta tun karon farko. A Amurka ma an sami masu wannan ra'ayi. A 2007 wani likitan haƙori, Jay Friedman, ya rubuta a mujallar kiwon lafiyar jama'a ta ƙasar cewa ana cire turamen ƙarshe kimanin miliyan 10 daga bakin mutum miliyan 5 a kowace shekara, a kan kuɗi sama da dala biliyan 3, kuma a ganinsa aƙalla kashi biyu cikin uku ba su da dalili. Abokan aikinsa da yawa sun musanta masa. Bayan shekaru kuma aka lura a Ingila cewa wasu da aka bar musu haƙoran sun dawo da girmansu, turmi na biyu ya ruɓe ta baya inda na uku ya jingina da shi. Da masanan ƙungiyar Cochrane, mai tantance binciken lafiya, suka tattara binciken da ake da shi a 2020, sai suka ce hujjar ba ta isa a ba wani ɓangare gaskiya ba.

Ga wanda zai biya daga aljihunsa, wannan saɓani yana da amfani ƙwarai. Yana nuna cewa kowane haƙori shari'arsa daban, kuma uba yana da haƙƙin ya ce, "Likita, nuna mini a hoton nan, wanne ne ke da cuta yanzu, wanne ne kake tsoron zai yi nan gaba? In an bar na saman shekara guda ana dubawa, me zai faru?" Likita na ƙwarai ba ya jin haushin wannan tambaya. Idan aka ce a cire don kada haƙoran gaba su cunkushe, a sani bincike bai tabbatar da cewa turmin ƙarshe ne ke cunkushe su ba. Ita ma tiyatar tana da nata haɗari: akwai jijiyar da ke bi ta cikin ƙashin muƙamuƙin ƙasa, wadda ke ba leɓe da haɓa ji, idan aka taɓa ta wurin yana iya mutuwa na makonni, a wasu 'yan lokuta har abada. Hoton da aka ɗauka kuma iyali suna da ikon karɓar kwafinsa. A nema, a kai wa wani likitan ya duba, kada a biya kuɗin hoto sau biyu.

Ciwon da ba a jira da shi

Duk wannan magana ta haƙorin da ya ba da lokaci ce. Idan kunci ya kumbura yana gangarowa wuya ko yana hawa wajen ido, ko zazzaɓi ya rufe yaro, ko baki ya ƙi buɗuwa, ko haɗiyar yawu ta gagara, ko numfashi ya fara sarƙewa, to babu sauran neman rangwame. Sashen gaggawa na asibiti za a nufa a daren. Mugunyar turmin ƙasa tana iya malala ƙarƙashin harshe ta toshe maƙogwaro. Dokar tarayya ta 1986 ta wajabta wa sashen gaggawa na kusan kowane asibiti ya duba wanda ya zo, ya ceto shi daga haɗari, ko yana da kuɗi ko ba shi da su.

Amurkawa sun ga wannan da idonsu a watan Fabrairu na 2007, lokacin da Deamonte Driver, yaro ɗan shekara 12 a jihar Maryland, ya rasu bayan ƙwayoyin cuta daga ruɓaɓɓen haƙorinsa sun kai ƙwaƙwalwa. Jaridar Washington Post ta ruwaito cewa cire haƙorin bai fi dala 80 ba, kuma rajistar iyalin a Medicaid, shirin lafiya na gwamnati don masu ƙaramin samu, ta yanke a lokacin. An yi masa tiyata sau biyu, ya yi sama da mako shida ana jinyarsa, kuɗin jinyar aka ƙiyasta zai kai dala 250,000. Majalisar dokoki ta zauna a kan mutuwarsa, kuma bayan shekara biyu aka sa kula da haƙori ya zama tilas a shirin inshorar yara.

Sai dai a san iyakar sashen gaggawa. Galibi maganin kashe ƙwayoyin cuta da na zafi za su bayar su sallami mutum, ba sa cire haƙori. Kumburi zai sauka, tushen ciwon yana nan. Wanda ya ɗauki saukar kumburi a matsayin warkewa zai sake dawowa, da wata takardar kuɗin.

Yadda baki ya fita daga lissafin jiki

Baƙo a Amurka yakan yi mamaki: yana da katin asibiti, amma a ce masa bai shafi haƙori ba. Rabuwar tsohuwa ce. A 1840 aka kafa kwalejin koyon aikin haƙori ta farko a duniya a birnin Baltimore, daban da makarantar likitoci, sana'o'in biyu suka ci gaba kowace da hanyarta. Inshorar haƙori ma daga baya ta zo, a 1954, lokacin da ƙungiyar ma'aikatan tashoshin jiragen ruwa na gaɓar yamma ta nema wa 'ya'yan mambobinta. Da aka kafa Medicare na tsofaffi a 1965, aikin haƙori na yau da kullum bai shiga ba.

Ko mai inshorar haƙorin ma ba ta ɗauke masa komai. Yawancinsu suna da iyakar abin da za su biya a shekara, sau da yawa tsakanin dala 1,000 da 2,000, kuma wani kaso kawai suke biya na babban aiki. Wanda ya ce bari ya saya yau don a yi tiyata gobe zai iya tarar da sharaɗin jira na wata 6 ko 12. Ga haƙorin da ba ya ciwo, saye da jiran na iya zama dabara mai kyau. Ga mai zugi, ba ta da amfani.

Ranar haihuwar yaro kuɗi ce

Wannan shi ne wurin da iyaye suka fi yin asara, don turmin ƙarshe yana fitowa ne daidai lokacin da tallafin yara ke ƙarewa. Shirin CHIP, wanda aka kafa a 1997 don 'ya'yan masu aiki da samunsu ya ɗara na Medicaid amma bai isa sayen inshora ba, yana tsayawa idan yaro ya cika 19. Medicaid kuma, bisa wani tanadi na 1967, dole ne ya biya aikin haƙorin da lafiya ta buƙata ga duk wanda ke cikinsa muddin bai kai 21 ba. Daga 21 sai abin da jiha ta ga dama: wata jihar tana biya wa manya sosai, wata sai na gaggawa kawai. Dokar lafiya ta 2010, wadda ake kira Obamacare, ta sa haƙoran yara cikin abubuwan da dole a tanadar a kasuwar inshora, ita ma zuwa shekara 19.

'Yar direban tana da 18. Ke nan yana iya yiwuwa ba uban ne ya kamata ya biya ba tun farko. A jihar New York shirin yara ana ce masa Child Health Plus, yana karɓar yaro mazaunin jihar da bai kai 19 ba ko da takardun zamansa ba su kammala ba, kuma haƙori yana ciki. Iyali masu ƙaramin samu ba sa biyan komai, wasu kuma suna biyan ɗan abin da aka yanka musu a wata. Ana neman shiga Medicaid da CHIP a kowane lokaci na shekara, babu wata rana da ake rufe ƙofa. Iyaye da yawa ba sa nema, wasu don sun ɗauka mai aiki ba ya cancanta, wasu don tsoron duk wata takardar hukuma. Mai wannan tsoron ya tambayi lauyan shige da fice ko ma'aikatan da ke taimaka wa mutane cike takardun kyauta, kada ya tsaya ga abin da ya ji a majalisar bakin masallaci.

Shawarar da mai wannan darasi ya fi ba muhimmanci ita ce a kai yaro a ɗauki hoton bakinsa tun yana 16 ko 17, ko ba ya kukan komai. In akwai aikin da ya zama dole, sai a yi shi tun tallafin yana nan, a bar lokaci kuma don sau da yawa sai likita ya nemi amincewar shirin kafin ya taɓa haƙorin da ke cikin ƙashi. Shafin gwamnati na Insure Kids Now yana nuna likitocin da ke karɓar waɗannan katunan, domin ba kowane likita ke karɓa ba.

Akwai wata ƙofar da ake mantawa. Inshorar lafiya ta gama-gari, wadda yaro ke iya zama a ƙarƙashin ta iyayensa har shekara 26, wani lokaci tana biyan cire haƙorin da ya nutse cikin ƙashi, don tana ɗaukarsa tiyata. Kiran waya ɗaya ya isa a sani.

Karanta takardar layi-layi

Idan duk ƙofofin nan sun ƙi buɗuwa, sai a koma kan takarda. Tun 1 ga Janairu 2022 doka ta ba wanda zai biya da kansa ikon karɓar rubutaccen ƙiyasi kafin a yi masa aiki. In kuɗin ƙarshe ya haura ƙiyasin da dala 400 ko fiye, yana da kwana 120 ya shigar da ƙorafi. Don haka ba a yarda da jimla ta baki. A nemi takarda, a adana ta.

Kowane aiki yana da lamba, kuma lambobin iri ɗaya ne a duk ƙasar. D0330 hoton baki gaba ɗaya ne. D7140 cire haƙorin da ya fito sarai. D7210 wanda ya fito amma sai an yanka shi ko an taɓa ƙashi. D7220 wanda dasashi ya rufe, D7230 wanda ƙashi ya rufe wani sashensa, D7240 wanda ya nutse cikin ƙashi. Kuɗi yana hawa yadda zurfi ke ƙaruwa. Mai riƙe da lambobin nan yana iya buga waya wurare uku ko huɗu ya tambayi farashin abu guda, yadda mai sayen buhun shinkafa ke zaga kasuwa kafin ya kwance lalitarsa.

A takardar direban, dubawa da hoto dala 250 ne, na sama biyu 250 kowanne, na ƙasa biyu 550 kowanne, allurar barci ta minti 45 kuma 650. Layin ƙarshen nan ya cancanci a tsaya a kansa. Ana lissafin barcin ne da minti 15-15, kuma shi kaɗai ya haura kashi ɗaya cikin huɗu na jimlar. Allurar da ke kashe wurin kawai, yaro yana farke, yawanci tana cikin kuɗin cirewar, kuma da ita ake cire turame da yawa a ƙasashen duniya. Akwai kuma iskar da ake shaƙa mai kwantar da hankali, wadda ta fi barcin araha. Amma kada uba ya yanke wannan shi kaɗai don tsimi. Yarinyar da ke rawar jiki in ta ga allura, ko haƙorin da ya yi zurfi ƙwarai, barcin na iya zama rahama gare su. A tambayi likita, a tambayi mai bakin. In aka tsaya ga haƙori ɗaya mai ciwo da allurar kashe wuri, takardar ta sauko daga 2,500 zuwa 800. In kuma da gaske huɗun ne za su fita, yin su a zama ɗaya ya fi araha, don kuɗin barci sau ɗaya ne, hutun aiki ma sau ɗaya.

Ba kunya ba ne a nemi ragi. Wurare da yawa suna rage wa mai biya nan take, don ya hutar da su bin kamfanin inshora.

Inda aikin ya fi sauƙin kuɗi

Makarantun koyon aikin haƙori, waɗanda sun haura 60 a ƙasar, suna karɓar marasa lafiya a farashi mai rangwame. A New York akwai ta Jami'ar New York, wadda ta fi kowace girma a Amurka, da ta Jami'ar Columbia. Kalmar "ɗalibi" tana tsorata iyaye, amma haƙorin da ya nutse galibi likitocin da suka riga suka gama karatu ne ke cire shi, masu ƙarin horon tiyata na shekara 4 zuwa 6, malaminsu yana kansu. Abin da ake biya a madadin kuɗi shi ne lokaci: layi, da zuwa sau biyu ko uku. Asibitocin gwamnatin birni irin su Lincoln da Jacobi a Bronx su ma suna da sashen haƙori.

Sai cibiyoyin lafiya na unguwa da gwamnatin tarayya ke tallafawa, waɗanda aka fara a 1965, yanzu suna duba mutum kimanin miliyan 30 a shekara. Suna yanka kuɗi gwargwadon samun iyali da yawansu, ragin yana kaiwa ga wanda samunsa bai wuce ninki biyu na ma'aunin talauci na tarayya ba, kuma ba sa korar mutum don ba shi da kuɗi. Ba kowacce ke yin tiyata mai zurfi ba, amma sun san inda za su tura. A yawancin garuruwa lambar waya 211 tana faɗa wa mutum wadda ke kusa da shi.

Wasu kan tsallaka iyaka. Garin Los Algodones na Meziko, kusa da Yuma ta jihar Arizona, cike yake da ɗaruruwan likitocin haƙori masu jiran Amurkawa. Mutanenmu kuma sukan ce a bari sai an je gida hutu, tunda akwai ƙwararru a wurare irin su Asibitin Koyarwa na Aminu Kano. In dama tafiyar tana nan kuma haƙorin ba ya ciwo, lissafin yana iya fita. A dai yi aikin a farkon hutu, don matsalar da ke biyo baya tana bayyana ne cikin makon farko, kuma tana son hannun da ya yi aikin.

Katin da aka turo a tebur

"Babu kuɗin ruwa har wata 12" magana ce mai sharaɗi. Ruwan yana taruwa a gefe tun ranar farko, ana yafe shi ne kawai in an biya bashin kaf kafin wa'adi. In ko dala ɗaya ta rage, sai a ɗora duk abin da ya taru, kuma ruwan irin waɗannan katunan yana kaiwa wajen kashi 30 cikin 100 a shekara. A ce direban yana biyan 200 kowane wata ba fashi. Bayan wata 12 ya biya 2,400, saura 100. Saboda wannan ɗarin za a ɗora masa sama da dala 400. Mafi ƙarancin biyan da ake rubutawa a takardar wata-wata kuma sau da yawa ba ya isa ya kashe bashin cikin wa'adi.

A Disamba 2013 hukumar kare masu mu'amala da bankuna ta Amurka ta umarci kamfanin CareCredit, mai ba da irin wannan kati, ya mayar wa mutane kuɗi har dala miliyan 34, saboda an sa da yawa cikinsu hannu ba a fayyace musu wannan sharaɗi ba. A 2023 hukumar ta ce cikin shekara uku, daga 2018 zuwa 2020, mutane sun biya dala biliyan 1 na irin wannan ruwa a bashin magani. Wanda ya ga ba makawa sai katin, ya raba jimlar da 11 maimakon 12, ya biya hakan kowane wata. Musulmi kuma yana da tambayar riba da zai kai wa malaminsa kafin ya sa hannu, ba bayan ya sa ba.

Kafin a kai ga kati, a tambayi likitan ko zai karɓi rabi yanzu, sauran kashi-kashi ba ruwa. Wanda wurin aikinsa ya buɗe masa asusun lafiya da ba a cire wa haraji, irin su FSA ko HSA, yana iya biya daga ciki. Akwai kuma abin da aka taho da shi daga gida: adashi, inda ake iya roƙon a ba mutum kwasar wannan watan saboda lalura, da asusun ƙungiyar 'yan gari, da rancen ɗan'uwa.

Bayan an cire

Makon farko ma yana da nasa lissafin. Jini yakan daskare a ramin haƙorin, shi ne murfin da ke kare ƙashi. In ya fita da wuri, bayan kwana uku zuwa biyar sai zugi mai tsanani ya taso, dole a koma wurin likita. Shi ya sa ake hana zuƙar abin sha da tsinke, da shan taba ko shisha, da kurkure baki da ƙarfi a ranar farko. Kunu mai ɗumi-ɗumi, fura da nono da cokali, da farfesun da ya huce sun wadatar. A tambaya tun farko ko komawa dubawa tana cikin kuɗin da aka biya. Wanda za a yi wa allurar barci zai zo da yunwa bisa umarnin likita, kuma sai da babban da zai mai da shi gida, wato ranar aikin uban ma ta tafi.

Game da maganin zafi, ƙungiyar likitocin haƙori ta Amurka ta ba da shawara a 2024 cewa a fara da ibuprofen, shi kaɗai ko tare da farasitamol, wanda a can aka fi sani da Tylenol. Wani bincike na Jami'ar Michigan a 2018 ya gano cewa matasan da suka karɓi ƙwayoyi dangin kodin bayan cire turmin ƙarshe sun fi sauran yiwuwar ci gaba da shan su fiye da ninki biyu. Duk wanda ya ga abin da kodin da tiramol suka yi wa samari a gida ya san nauyin wannan magana. In an rubuta irinsu, uba ko uwa su riƙe kwalbar a hannunsu, abin da ya rage kuma a mayar kantin magani.

Aikin aji

A koma ga takardar direban. Nawa zai biya in an cire na ƙasa biyu kawai da allurar kashe wuri? In ya ɗauki katin bashi a kan dala 2,500 yana so ya gama cikin wata 11, nawa ne biyansa na kowane wata?

Ɗalibai su rabu biyu-biyu, ɗaya ya zama uba ko uwa, ɗaya ma'aikacin teburin biyan kuɗi. Mai biyan ya nemi rubutaccen ƙiyasi da lambobin aikin da kwafin hoto, ya tambayi ragi, ya ƙi sa hannu a katin bashi a ranar ba tare da ya ɓata wa kowa rai ba. Daga nan a sauya matsayi.

Kowa kuma ya rubuta shekarun 'ya'yansa ko ƙannensa da suka haura 15, da watan da kowannensu zai cika 19 da 21, ya zo da takardar darasi na gaba.